Wa'azin Mataccen Batir

A duk ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo babu kamar Sarkin Maƙogwaro, kuma shi ya fara gano haka. Mutum ne da ko gaisuwa zai yi sai ya gyara tsayuwa, kamar akwai kyamara a bayan ƙofa. Sai dai duniya ba ta da adalci. Duk wasanninsa an manta, sai ranar da ya ba tsofaffi dariya a wurin da aka tara su don su yi kuka.

Ga yadda aka yi. Darakta ya shirya wasa kan wani mutum da ya taɓa tara jama'a a wata gona, ya ce shi kaɗai ke riƙe da makullin aljanna, ya raba su da danginsu. Mutumin ya daɗe da mutuwa, sai wa'azinsa a kaset a ɗakin adana tarihi. Aka ba gwaninmu kwafi da sharaɗi: tsofaffin mabiyan za su zo kallo, in ba su gane muryar ba, a nemi wani.

Gwaji? Ya ce irinsa ba ya gwaji da yara. Ya kulle kansa a ɗaki da tsohuwar rediyonsa mai cin kaset, wadda batirinta ke shure-shuren mutuwa. Murya ta riƙa fitowa a hankali, da kauri, kamar bijimi na magana daga cikin rijiya. Gwani ya lumshe ido yana bi.

Matarsa ta leƙo. "Baban yara, batirin nan fa ya yi sanyi. In sayo sabo?"

"Ke dai ji da tukunyarki," in ji shi. "Wannan shi ake kira kwarjini. Ba kowane kunne ke ɗaukarsa ba."

Daga nan gida ya shiga uku, don da muryar kaset ɗin ya koma magana. Kafin ya gama cewa a kawo masa ruwa, an kawo, an gaji da riƙo, an mayar da kofin.

Ranar wasa zaure ya cika. Tsofaffin mabiya na sahun gaba, kowa da hankicinsa a hannu. Tsarin darakta shi ne a fara sakin ainihin kaset a lasifika, sannan ɗan wasa ya ɗora daga inda aka tsaya. Aka saki. Sai ga wata siririyar murya, da sauri kamar sauro ya samu kunne. Tsofaffi suka sha jinin jikinsu, don muryar ce sak. Gwaninmu, a bayan labule, ya girgiza kai ya ce na'urarsu ta lalace.

Ya fito cikin farar riga, ya ɗaga hannu, ya buɗe rijiyarsa. Kalma ɗaya sai da ta ci numfashi biyu. Wata tsohuwa ta toshe baki da hankici, kafaɗunta na rawa. Da abin ya fi ƙarfinta ta ce wa na kusa da ita, yadda duk zauren ya ji, "Da haka marigayin yake magana, ai da barci ya cece mu tun ranar farko."

Washegari aka ba wani mai siririyar murya wasan, gwaninmu kuma ya samu sabon suna. Kwanan baya na tarar da shi a ƙofar gida na ce, "Mataccen Batir, ya jin daɗin hutu?"

Ya dube ni da tausayi, ya gyara tsayuwa.

"Ku ba ku san fasaha ba. Marigayin ne bai iya kansa ba. Ni gyara masa na yi."