Ɓarauniyar da Aka Kama a Kan Tsani

"Lafiya lau, gwiwar ce dai ta saba ƙorafi. Ke kuma sauko, yau na kama ki!"

Tsohon tela ne ya turo babur ɗinsa har cikin gidan mai, yana haki, hula ta karkace. Babur ɗin kuwa ya girmi jikarsa da ke can kan tsani tana liƙa sababbin lambobi a allon farashi. Ita ce mai ba da mai a famfon ƙarshe, kuma tun tana rarrafe ba sa haɗuwa su rabu lafiya. Shi ya ce amaryarsa ce, ita ta ce Allah ya kiyashe ta. Sai dai yau ba tsokana ce kaɗai ta kawo shi ba. Da safe aka bugo masa waya cewa yayansa, da ke kwance a garin gaba, ya ƙi abinci, sai kiran sunansa yake yi. Abin da ke aljihun tela kuwa, shi kansa ya san da ƙyar ne ya kai shi ya dawo da shi.

"Ka kama ni da me, Tsoho?" in ji ta, tana saukowa.

"Dumu-dumu na kama ki! Wata da watanni ina manne da rediyo. 'Yan siyasa su ce kamfanonin mai ne suke tsawwalawa, kamfanoni su ce 'yan siyasa ne. Ashe mai laifin a gidana aka yanke mata cibi!"

"Ni lamba kawai na liƙa."

"Haka duk ɓarawo yake cewa. Wa ya aike ki?"

"Manaja."

"Shi kuma wa ya aike shi?"

"Waya ake yi masa daga ofishin kamfani."

Tsoho ya jingine babur, ya gyara tsayuwa. Shi fa mutum ne da in ya kama bakin zare sai ya ga inda ya ƙare, ko da kuwa rigar za ta warware. Kuma tsakani da Allah abin yana cin sa, so yake ya sani.

"Kin taɓa ganin mai bugo wayar?"

"Ko manaja bai taɓa ganin sa ba. Murya ce kawai."

"Ikon Allah! Murya ce ke hana ni shan shayi da madara? To ita muryar me take cewa?"

"Cewa take daga nesa ake sayo man. In rikici ya ɓarke a wata ƙasa sai ya yi tsada, ga kuɗin dako, ga harajin da gwamnati ke ɗorawa."

"Tsaya nan, amarya. In rikicin ya lafa fa? Ni dai kullum ina wucewa ta nan. In ƙari ne, kafin mai labarai ya rufe baki kin haye tsanin nan kamar kyanwa. In ragi ne, sai tsanin ya ɓace. Ina kuke ɓoye shi?"

Wallahi tambayar ta shigi jikar, don ita ma ta sha lura da hakan ba ta taɓa furtawa ba.

"Ka ga, wannan ni ma ban sani ba. Manaja cewa yake sai tsohon man da aka saya da tsada ya ƙare."

"To ranar ƙari, wanda aka saya da araha yana ina? Ya ƙafe?"

"Kai Tsoho, ka cika bin diddigi! Bari ni ma in tambaye ka. Lokacin zaɓe, wane ne ya manna hoton wani mai tumbi a gaban babur ɗin nan, yana zaga unguwa yana danna ham, wai in ya hau mulki sai mai ya fi ruwa araha?"

"Babur ne ya yi kamfe, ni zama kawai na yi a kai."

"Ƙuri'ar ma babur ne ya dangwala?"

"Ke, ki kiyaye ni! Haka ake yi wa miji magana?"

"Mijin da sauran haƙoransa ba su cika hannu ɗaya ba? Ni dai na gano zaren. Kai ka zaɓo shi, shi ya ɗora haraji, kamfani ya ɗora riba, murya ta bugo waya, manaja ya miƙo mini tsani. In za a yi kamu, daga kanka za a fara."

"To ai shi ma wanda ban zaɓa ba, da ya yi nasa zamanin, hawa kika yi ta yi. Kin ga kuwa ba hannuna ba ne. Anya ba tare suke cin abincinsu ba, su fito waje su yi mana faɗan ƙarya?"

"Wannan kuma sai ka tambayi mai dafa musu."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya miƙa mata abin da ya ƙulle a hankici. Ta zuba masa daidai kuɗinsa. Ma'aunin man babur ɗin ya mutu tun tuni, don haka tsoho ya zaro wani siririn kara daga ƙarƙashin sirdi ya tsoma a tanki. Tsaga biyu ya yi wa karan da wuƙa: ta ƙasa zuwa garin yayansa, ta sama zuwa da dawowa. Ya ɗago shi ya duba. Jiƙon ko tsagar ƙasa bai gama taɓawa ba. Nan dariyar ta ɗauke.

"Ina za ka ne haka?" ta tambaya, ta daina wasa.

"Wurin Yaya. An ce ya ƙi cin komai."

"To ka ajiye wannan akwalar a nan mana, ka hau motar haya. Ta fi sauƙi, kuma gwiwarka ta huta."

Tsoho ya girgiza kai, yana goge karan da gefen riga.

"Ba ki gane ba. Idonsa ya tafi, yanzu kuma murya ma rikita masa take yi. Rannan a mota na je, na zauna a gabansa ina ta magana, sai ya ce mini, 'Malam, in ka fita ka turo mini ƙanena.' Amma in ya ji tarin babur ɗin nan a ƙofar gida, tun ban shiga ba zai ce, 'Ga ɗan banzan nan ya iso, a kawo mana abinci.'"

Tausayi ya kama jikar har ta kasa haɗa ido da shi. Ta mayar da bakin tiyo cikin tanki ta danna, ba ta saki ba sai da man ya leƙo wuya. Sannan ta zaro kuɗi daga 'yar jakarta ta kanta ta tura cikin jakar ciniki.

"Ke! Wa zai biya wannan?"

"Ɓarauniyar da ka kama."

Tsoho ya tuntsire da dariya, yana share gefen ido da bayan hannu.

"Na janye ƙara! Ba ke ba ce. Su can su ƙarata, in na gano su zan dawo in gaya miki."

Ya buga kik sau ɗaya, sau biyu, babur ya yi tari ya tashi da hayaƙinsa. Har ya saka giya ta riƙo masa hannu, ta ɗaga murya don ya ji ta.

"Kaka, in ka isa ƙofar gidan kada ka yi saurin kashe shi. Bar shi ya yi ta kuka har Yaya ya ji sosai. Man ya ishe ka."