Alkafura a Kan Barkono

Ranar da aka kawo mai horar da 'yan wasan alkafura makarantarmu ta 'yan mata a Rogo, ni aka sa in tarbe ta. Hajiya Asabe sunanta, ta daɗe tana wakiltar ƙasa kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Tana fara sa ɗalibai miƙa jiki, bakina ya ja mini.

"Hajiya, mu a Beli kan tulin ƙaiƙayi muka koya, ba wani miƙe-miƙe."

"Malama, yaushe rabonki da yi?" ta tambaye ni.

Na yi ɗamara da mayafi, na dafa ƙasa, na cilla ƙafafu sama. Ƙafafun suka tafi, ƙugu ya ƙi bin su. Na zube cikin barkonon da masu girki suka shanya. Duk atishawar da na yi, sai bayana ya amsa.

Hajiya Asabe ta danne dariyarta. Mai ɗorin garin Fulatan da aka kai ni wurinsa bai danne tasa ba.

Waɗancan ɗaliban sun gama tuni, amma sun bar wa ƙannensu labarin. Yau ko alli na sunkuya ɗauka, sai in ji daga bayan aji: "Malama, a kwashe barkono?"