Takwaran Alhaji Abdulmumini

Duk faɗin birnin Greensboro na Amurka, daga Irving Park har McLeansville, ba a taɓa yin mai tausayin itatuwa kamar Alhaji Abdulmumini ba. Garkuwan Daji ke nan, sarautar da ya naɗa wa kansa a gaban madubi. In aka ambaci dazukan tsibirai da ake sarewa, sai hawaye ya cika masa ido. Ya share da hannun riga, ya dafa ɗaya daga cikin teburan da yake sayarwa a shagonsa na titin Wendover, ya ce wa mai saye, "Taɓa ka ji. Katakon tsibiri ne, bishiyar ta girmi kakanka."

A shekarar 1996, Ƙauna, wata 'yar Wusasa mai karatun digiri na uku a garin, ta shirya tafiya wani tsibiri can tsakiyar teku don nazarin laimar kwaɗi, irin wadda ke tsirowa a gindin bishiya bayan ruwa. Alhaji ya ba ta tsohon takalmin ruwansa da ya matse shi. Daga ranar ya zama uban binciken.

"'Yata," ya ce, "in kin gano sabon iri, kin san sunan da za ki sa masa. Ba don ni ba, don tarihi."

Da ta dawo, ta zo gaishe shi jiki a sanyaye. Ta ce rabin dajin ya tafi, amma ta samo iri ɗaya da ba a taɓa rubutawa ba. "Sai dai, Baba Alhaji, gara ka ga hoton tukuna."

"Haba! Uba yana duba fuskar jariri kafin ya raɗa masa suna?"

Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Alhaji ya kama zauren taro, ya yanka ragon suna, ya gayyato 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Gana, har da wani Bature da ya shigo tambayar hanya. Ya miƙe cikin babbar riga mai cin mutum uku.

"Jama'a! Manyan ƙasar nan titi ake sa wa sunansu, titi kuwa fashewa yake yi. Ni halitta mai rai aka zaɓa mini. Ku buɗe ido ku ga takwarana!"

Aka kashe fitila, Ƙauna ta kunna majigi. Laimar kwaɗi kala-kala ta riƙa wucewa a bango: ja kamar gauta, mai tsawo kamar kakaki, har da mai haske a duhu. Kowacce ta fito, sai Alhaji ya ɗaga kafaɗa, sai Ƙauna ta ce, "Wannan tana da suna tuni. Kuma ba a ƙara ganinta ba tun da aka sare inuwarta." Mata suka riƙa girgiza kai.

Can sai ga wani abu toka-toka, mai ƙaton kai da siririyar ƙafa, ƙudaje sun yi masa rawani.

"Ga shi nan," ta ce a hankali. "Shi kaɗai ne ke jin daɗi in an sare daji, don a kan kututture yake ci. Da safe ya kumbura, warinsa ya tara ƙudaje, kafin azahar ya sace."

Laouali, wani dattijon Maraɗi da ke zaune a sahun gaba, ya gyara tabarau, ya dubi bango, ya dubi Alhaji, ya sake duban bango.

"Tubarkalla," ya ce. "Kamar an tsaga kara."