Rasuwar Firizar Gidan Malam Musbahu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Musbahu Kalli, tsohon malamin makaranta a Gashua, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar firizar gidana. Ta cika jiya Laraba da azahar, ana tsakiyar zafin nan da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

Marigayiyar 'yar asalin kasuwar Nguru ce. Matata Adawiyya, Allah ya ji ƙanta, ita ta zaɓo ta, aka ɗauro ta a saman mota har gida ina ta mita. Ta zauna da mu lafiya. Ba ta taɓa raina 'yar wutar solarmu ba, kuma ko ranar da ruwa ne kawai a cikinta, ba ta tona mana asiri a gaban baƙo.

Ba mai yawan magana ba ce. Takan yi "zuuu" na wani lokaci, sai ta ce "ƙyat", ta yi shiru. Da can ban ma san tana yi ba. Sai da gidan ya zama ni kaɗai na gane muryar nan ce ke taya ni hira.

Babban aikinta shi ne riƙon amana. Kafin a kwantar da Adawiyya a asibiti a Nguru, ta yini a bakin tanderu tana gasa gurasa, ta shaƙe firizar taf, don ta san ko fulawa ban iya kwaɓawa ba. Ta koya mini dabara: in ciro ɗaya, in bar ta ta saki, in tsaga ta biyu, in tsoma a ƙwan da na kaɗa da albasa da attaruhu da gishiri, in sa a kasko da ɗan man gyaɗa. Wainar ragwaye take kiranta, tana kallona tana dariya. Ta ce kafin in cinye ta dawo. Ba ta dawo ba. Tun daga nan na daina ci kullum, sai ranar Juma'a, ina lallaɓa sauran. Marigayiya firizar kuwa ba ta bari ko ɗaya ta lalace ba.

Rashin lafiyarta ya fara da gumi, sannan wani tari-tari da rana. Ajimi mai gyara ya zo ya kara kunne a bayanta, ya tashi yana kaɗe gwiwa.

"Baba, injin ya tafi," in ji shi. "Sai dai haƙuri."

Ta rasu ta bar kasko ɗaya, da batirin sola wanda yanzu ba shi da aikin yi, da ni. Ta kuma bar ragowar gurasar, wadda tuni ta saki, kuma a zafin Gashua ba za ta kai gobe ba. Maƙwabcina Babagana ya so ya ba ta masauki, amma tasa firizar takalma yake ajiyewa a ciki tun bara. 'Yata Raudatu ta yi ta'aziyya ta waya daga Kano.

"Baba, gurasa ce fa. Zan sa maka wata a mota."

Gaskiyarta ne, gurasa ce. Sai dai wannan da shatin yatsun mahaifiyarta a jiki, kuma daga ita babu saura.

Za a yi jana'iza yau Alhamis bayan la'asar, ɗan jari-bola zai zo da baronsa ya ɗauki gawar daga ƙofar gida. Kafin nan zan kaɗa ƙwai in soya abin da ya rage gaba ɗaya. Ba a buƙatar rumfa ko kujeru, tabarma ta isa. Wanda ya san Adawiyya ya zo, wanda bai san ta ba ma ya zo. Don Allah kada a bar ni in ci ta ƙarshen ni kaɗai.