Ranar da Na Miƙe Bututun Karafan

Ba zan taɓa mantawa da sanyin shekarar da ambaliya ta ci Jidda ba, lokacin da ruwa ya riƙa juya motoci kamar kwanukan wanke-wanke. Bayan gari ya lafa, kafilina, wato mai riƙe da takardun zamana, ya ja karafan ɗinsa zuwa wani fili kusa da teku. Karafan ɗaki ne mai tayoyi, da ɗan kicin a ciki, da magsala ta wanke hannu da kwanuka. Ni aka ba tsaro da shara.

Damuwarsa ɗaya ce, wari. Magsalar na busa wani numfashi kamar na kwata. Ya ce ranar Alhamis dangin mai neman 'yarsa za su zo cin abinci, kuma iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta kusa mutuwa. Bai haɗa maganganun biyu ba, amma ya faɗe su a jere, ni kuwa ba yaro ba ne.

A lokacin na fara zuwa ajin koyon karatu na manya a Bani Malik, gemuna da furfura. Abin da ajin ya fara saka mini shi ne tambaya. Komai na gani sai na ce, me ya sa? To, na durƙusa ƙarƙashin magsala na tarar bututun ya lanƙwashe kamar wuyan raƙumi kafin ya haɗu da tiyon da ke kai ruwa tanki a waje. Na kwance shi, sai ga ruwa kwance a cikin lanƙwasar. Na ce alhamdu lillahi, na kama ɓarawo. A garinmu kowa ya san ruwan da ya tsaya shi ke wari. Na yi mamakin yadda Turawan da suka ƙera ɗaki mai tafiya suka kasa gane wannan (har tausayinsu na ji). Na jefar da lanƙwasar, na haɗa tiyo miƙaƙƙe ɗoɗar.

Wari ya ninka. Ban zargi kaina ba, na zargi tankin. Ranar Alhamis na ɗebo turaren wutan matata, wanda aka aiko mata daga Maiduguri take ɓoyo, na cika kasko da garwashi na ajiye daidai bakin tankin.

Baƙi suka ci shinkafa da rago, suka tashi wanke hannu. Kakan mai neman auren, dattijo mai sanda, shi ya fara sunkuyawa. Iskar teku ta kaɗo. Ina tsaye riƙe da tawul na ga hayaƙi na tasowa daga ramin magsala, siriri, rabi ƙamshi rabi kwata. A bayansa kyankyasai, suna gudun hayaƙin, suna hawa hannun rigar dattijon.

Ka san abin kunyar? Maimakon in ruga, sai na matso ina kallo. Zuciyata na cewa, ashe hanyar da ruwa ke sauka iska ma na iya hawowa ta nan.

Dattijon ya kaɗe rigarsa ya dubi kafilina. "Masha Allah, har magsalarku kuna turarawa?"

Kafilina ya juyo gare ni a hankali. "Ya Hajji, me ka taɓa?"

Na amsa da sunan girmamawar da nake kiransa, "Ammi, gyara na yi."

Washegari na kira Haruna, ƙanin matata, mai aikin famfo a Hindawiyya. Sai da ya gama dariya ya ce, "Yaya, wannan ruwan da ka kora ai shi ne mai gadin. Shi ke tare warin tanki." Ya yanka tsohon tiyon ya nuna mini kitsen rago daskare a cikin zobbansa, asalin warin ke nan. Ya sa sabuwar lanƙwasa, ya gangarar da sabon tiyo, ya ce in daina zuba kitse, in riƙa bi da ruwan zafi da kanwa, in kuma wanke tankin.

An ɗaura auren. An sabunta iƙamata, da sharaɗin ba ni ba sifana. Yanzu in na ga abu a karkace, sai na tambayi wanda ya lanƙwasa shi kafin in miƙe shi.

Abin da na rasa: tiyo ɗaya, bututu ɗaya, turaren matata kaf, da sunana. Tun ranar, daga kafilina har matata, Muhandis suke kirana, wai babban injiniya.