Ranar da Na Zuba wa Famfon Unguwa Manja

Famfon tuƙa-tuƙa na layinmu a Sabon Gari ya daɗe yana ƙara kamar akuya a hannun mahauci. Ni kuwa na taɓa zama kusa da wani bakanike a mota daga Gitata zuwa Keffi, saboda haka nake ganin na san inji ciki da waje.

Ranar wata Juma'a da hantsi na tara maƙwabta, na yi musu bayani cewa ƙarfe ne ke gugar ƙarfe, mai kawai yake so. Baƙin mai zai ɓata ruwa, don haka na sayo manja kwalba guda wajen Mama Ngozi, mai shagon bakin layi.

Ta ce, "Oga, miya za ka dafa?"

Na ce, "Aikin injiniya ne, Mama."

Na kwance kan famfon, na juye kwalbar duka. Ƙara ta ɗauke ɗif. Har tafa mini aka yi, na ɗaga hannu kamar ɗan takara.

Sai Alhaji Sule, dattijon layin, ya zo alwala cikin farar shaddarsa. Ya wanke fuska, ya miƙe da jan gemu, gaban riga kamar ya yi faɗa da tukunyar miya. Kallona kawai ya yi.

Mako guda shayin kowa yana ƙamshin alale.

Har yau in na wuce, Mama Ngozi takan leƙo ta ce, "Injiniya, famfonka fa saura gishiri."