Ranar da Yaya Ya Dafa Ƙaguwa da Lemun Tsami

"Wuta ta mutanen da ce! Ni da lemun tsami nake dafa abinci."

Wallahi haka Yayanmu ya faɗa jiya, ƙawata, ya rataya tawul a kafaɗa, ya kifa wata doguwar hular takarda da ya naɗa da kansa. Tsaya, kar ki katse ni! Kin san shagon nan na ƙofar gidanmu da ba kowa a ciki? Yaya ya bi ya dami Baba a ba shi ya buɗe gidan abinci. Baba ya ce to, ya fara ciyar da mu sau ɗaya a gani.

Ashe Yaya, wai shi Kukun Duniya, wani bidiyo ya gani a waya, ana yanka kifi ƙanana-ƙanana a jiƙa da ruwan lemun tsami har ya yi fari kamar dafaffe. Rabi ya kalla caji ya ƙare. Da ya je kasuwa sai ya ce kifi ai na kowa da kowa ne, ya dawo mana da ƙaguwa cike da bokiti. Masu rai fa!

Mama ta ce, "Ɗan nan, ba za ka ɗora ruwa ba?"

"Mama, ki je ki huta. Wannan girkin na masu ilimi ne."

Ya juye su a babbar tukunya, ya hau matsa lemo. Na farko a idonsa ya sauka. Yana hawaye yana cewa ƙamshi ne ya taɓa masa zuciya. Ya yanka lemun zaƙi ya jera a sama don ado, ya rufe, ya zauna a kan murfin.

Can sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na ce, "Yaya, abincinka yana buga ƙofa."

"Tafasa ce, sarkin surutu! Me kuke koya a makarantar nan?"

Da lokacin ci ya yi, ya kinkimo tukunyar har falo, ya dire a tsakiyar tabarma, ya gyara murya, ya ɗaga murfi. Ke! Sai ga su suna fitowa a karkace, ransu a ɓace, suna ta ƙamshin lemo. Wata har da yankan lemun zaƙi a ka kamar lema. Anti ta haye kujera tana ihu. Kaka, wadda kullum sai an riƙe ta take tashi, ita ta riga kowa fita. Autanmu kuwa tafi yake yi, wai a bar masa ɗaya ya yi kiwo.

Babbar cikinsu ta nufi Baba kai tsaye, ta cafke masa babban yatsan ƙafa. Baba ya saki salati. Yaya ya zube a gabansa da rabin lemo yana matsa mata a baya.

"Baba, kar ka motsa, saura kaɗan ta dahu!"

Sai ta saki Baba ta kama leɓen Yaya. Yadda kika san an sa masa kwaɗo, ko "wayyo" ya kasa cewa.

Baba yana murza yatsa ya dube shi ya ce, "Ka manta da shago. Tun da nake, ban taɓa shiga gidan abincin da abincin ne ke fara ɗanɗana mutane ba."